Karen da Aka Ɗaure a Poumpoumré

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka Édouard ne mafi ƙanƙanta a asibitin, domin teburinsa yana bayan ƙofa, inda iska ba ta kaiwa. Ba ya allura, ba ya ba da magani, ko farar riga ba ya sawa. Amma duk wanda ya shigo ƙaramin asibitin nan na Garoua sai ya fara tsayawa a gabansa, ya faɗi sunansa da unguwarsa da abin da ya kawo shi. Édouard yakan saurara kansa a sunkuye, in mutum ya gama sai ya ɗago a hankali ya ce, "Anya?" Daga nan matan unguwa suka sa masa Baba Anya, har wasu ba su san yana da wani suna ba.

Na same shi a wurin a tsakiyar shekarun saba'in, zamanin Shugaba Ahidjo, lokacin da na dawo daga karatu aka ba ni tebur kusa da nasa. Dogo ne siriri, ya fara furfura, yana da tabarau guda da matarsa Françoise ta ɗaure masa hannunsa da zare. An haife shi a wani ƙauye a duwatsun bayan Guider. Faransanci a makarantar mishan ya koya, Fulatanci a hanya, Hausa kuwa a kasuwa, inda yake raka uwarsa sayar da gyaɗa. Aikinsa na farko shi ne bin masu lambar rigakafi ƙauye-ƙauye yana rubuta sunaye. A can ya ga an ɓoye yara cikin rumbu, ya ga magidanci mai mata uku ya rantse shi gwauro ne, ya ga tsoho ya ba da sunan ɗan'uwansa da ya mutu a matsayin nasa. Bai riƙe su da komai ba. Yakan ce mutum ba don ya ƙi ka yake karkata maka magana ba, takardar da ke gabanka yake tsoro, tunda bai san inda za ta kwana ba. Sai dai tun daga lokacin bai ƙara yarda da amsar farko ba, ko daga bakin waye.

Babban aikinsa yana zuwa a ƙarshen wata. Akwai wani ɗan littafi da aka aiko daga Yaoundé, kowace cuta da lambarta a ciki. Sai ya bi katunan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya karanta abin da likita ya rubuta, ya mai da shi lamba, sannan a tara a aika. Cizon kare yana da tasa lambar, ciwon haukan kare yana da tasa dabam, kuma ba a rubuta ta biyun sai an tabbatar, ko dai an aika kan karen kudu an duba, ko mutum ya mutu da alamun da ba sa ɓoyuwa. Akwai kuma wurin da ake cewa a gari abin ya faru ko a ƙauye. Édouard ya daɗe da lura cewa kusan duk cizon da ya tsoratar da mutane, in aka zo rubutu sai ya zama a ƙauye aka yi shi. Mutumin da bai taɓa barin unguwarsu ba sai ya tuna ya je gaisuwar mutuwa wani wuri. Garoua gari ne da manya ke ji da shi, kuma kowa ya san takardar wata tana bi ta ofishin prefe, babban jami'in gwamnati na yankin, kafin ta wuce. Ba wanda ya taɓa ce wa kowa kada ya rubuta gari, mutane ne suka gane da kansu.

Wata safiya aka kawo Hajjo, wata dattijuwa daga unguwar Poumpoumré a nan cikin gari, uwar wani mahauci da ake kira Uba. Maƙwabtanta biyu ne suka riƙo ta, ƙwaurinta a naɗe da tsumma. Kare ya cije ta jiya da yamma a ƙofar gidanta. Ciwon mai zurfi ne, amma bakinta lafiya lau. Tun daga bakin ƙofa take faɗa cewa ita ba ta ce a kawo ta ba, kuma in wani ya taɓa mata zani sai ya ji a jikinsa.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuyar ganewa. In kare ya ciji mutum, ana fara masa allura nan take, kullum guda a fatar ciki. A gefe guda malaman dabbobi su ɗaure karen su sa masa ido. In kwanakin da aka yanke suka cika yana cin abincinsa yana kaɗa wutsiya, sai a tsayar da allurar, domin ba ta da yawa, ɗan abin da ke cikin firjinmu mai kananzir shi ke nan har a sake aikowa. In karen ya mutu, ko ya ɓace ba a gan shi ba, to sai an yi allurar har ƙarshe. Wanda aka tsayar wa allura alhali karen mahaukaci ne, in ciwon ya tashi babu abin da kowa zai iya yi masa. Édouard ya taɓa ganin wani makiyayi ya mutu haka, ƙishirwa na cinsa amma ganin kwaryar ruwa ma sai jikinsa ya ɗau rawa. Sau ɗaya ya ba ni labarin, bai sake ba.

Ya tambayi Hajjo karen wane ne, tunda katin yana da wurin sunan mai kare.

"Ka ji wata tambaya," in ji ta. "Mu Musulmi muna ajiye kare ne? Gidan da ke da kare a layinmu ai guda ne, kowa ya san shi."

Matan da suka rako ta suka ce gidan Simone ke nan, wata Kirista daga wajen Guider da ke noman kayan lambu a bakin kogi. Édouard ya ce anya, suka ce ya je ya tambayi kowa. Layin marasa lafiya ya kai har waje, sai ya rubuta gidan Simone, ya aika wa malaman dabbobi. Kafin azahar an ɗaure wani jan kare a turke a bayan ofishinsu.

Kwanakin da suka biyo baya komai ya tafi daidai. Hajjo tana zuwa da safe, Agnès nas ɗinmu ta yi mata allura, ita kuma ta tsine wa wanda ya ƙirƙiro allura da wanda ya ƙirƙiro kare, ta ce cikin da ya haifi 'ya'ya takwas ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba. Cikin ya kumbura, ya yi ja, tana tafiya a tanƙware. Kullum sai ta tsaya a teburin Édouard ta tambayi lafiyar karen kamar wani jikanta. Labarin da ke zuwa daga malaman dabbobi mai daɗi ne: kare yana ci, yana sha, har ya saba da mai gadi. Likita ya ce in aka kai Asabar a haka, a sake shi, a sallami tsohuwa.

Wannan daɗin ne ya dami Édouard. Ya ce mini shi bai taɓa ganin cizon kare da ba a yi faɗa a kansa ba. Yawanci mai kare ya zo yana rantsuwa, dangin wanda aka ciza su zo suna neman a biya magani, a kai ƙara wurin mai unguwa, mata su daina gaisawa. A nan kuwa shiru. Simone ba ta zo ba. Uba, ɗan da aka ciji uwarsa, bai leƙo ko sau ɗaya ba, bai kuma nemi komai a wurin kowa ba. Na ce wataƙila mutanen kirki ne masu haƙuri. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ranar Lahadi ya ga Simone a coci, ya jira ta a waje. Da yarensu suka yi magana, shi ya faɗa mini daga baya. Ta ce ranar da abin ya faru karenta yana tare da ita a lambu har rana ta faɗi, kuma ta faɗa wa waɗanda suka zo ɗaukarsa, suka ce kowane mai kare haka yake cewa. Ya tambaye ta to wane kare ne. Ta ce ita ba ta ga komai ba. Ta ce karenta lafiyarsa ƙalau, za a dawo mata da shi, me zai sa ta tayar da magana? A rijiyar gidan Hajjo take ɗiban ruwa, ita kaɗai ce Kirista a layin, kuma tana so ta ci gaba da zama a wurin. Ta roƙe shi ya bar abin ya wuce.

Bai yarda da ita ba, ita ma. Ya ce mini mai kare ba shaida ba ce a kan karenta, kuma kasancewarta 'yar garinsu ma dalili ne da zai sa ya ƙara yin hattara da maganarta. Kwana biyu yana juya katin Hajjo, ya ajiye, ya sake ɗauka. Babu abin da ke cikin katin sai abin da shi da kansa ya rubuta.

Abin ya fito ne daga hira. Agnès tana wanke hannu tana mitar ciwukan da ake kawo mata an cusa musu abubuwa, wani toka, wani kashin shanu, wani garin taba. Ta ce na tsohuwar nan ta Poumpoumré ma sai da ta sha wahala kafin ta fitar da ƙonannen gashi daga ciki, ƙaurin har yanzu tana ji. Wannan ba baƙon abu ba ne. A unguwanni da yawa, in kare ya ciji mutum sai a yanki gashinsa a ƙona a danna a ciwon, wai dafin ya koma inda ya fito. Kuma dole gashin wanda ya yi cizon ne, na wani kare ba ya aiki. Agnès ba ta ɗauke shi abin rubutawa ba, don kullum tana gani.

Édouard ya tashi ya ɗauki kekensa. Da ya dawo ya ce ya shafa jan karen tun daga kai har wutsiya, babu inda almakashi ko wuƙa ta taɓa. Sannan ya ce mini in yi tunani: karen da ya kafa haƙori a ƙafar mutum yanzun nan, wa zai riƙe shi a yanki gashinsa? Ko dai wanda karen ya sani ne sosai, ko kuwa karen ya riga ya mutu.

Washegari da Hajjo ta zo ya gaishe ta da Fulatanci, ya tambayi ƙafa, sannan ya ce, kamar wanda ke neman sani kawai, wa ya yi mata maganin gashi, don ya ji ana yabon aikin. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rufe. Ta ƙura masa ido.

"Ɗan dutse, me kake nema?"

"Lafiyarki, Dada."

"Lafiyata tana wurin Allah. Kai 'yar'uwarka kake so ka wanke, shi ya sa kake shinshine-shinshine. An ce mini an gan ku a bakin coci."

Ta fita tana ɗingishi, tana faɗa wa duk wanda ke kan benci cewa Baba Anya ya koma ɗan sanda. A lokacin wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutane suna rage murya in sun ga mai rubutu, kuma an sha raɗe-raɗin cewa akwai masu kai labari komisariya, wato wurin 'yan sanda, a kowane ofis. Ranar wasu marasa lafiya suka ƙi faɗa masa unguwarsu.

Ya je wurin likita. Likitan mutumin kudu ne, mai natsuwa, ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce ya fahimci damuwar, amma a gabansa akwai takardar malaman dabbobi da ke cewa kare lafiya, akwai maganar maras lafiya da maƙwabtanta, a ɗaya gefen kuma akwai gashin da ba a ajiye ba. Ya buɗe firjin ya nuna masa abin da ya rage. Akwai wata mata da aka kawo daga hanyar Rey Bouba wadda karen da ya cije ta ya gudu daji, ita ba a da zaɓi a kanta. In aka ci gaba da yi wa Hajjo ba dalili, na gaba da za a kawo zai tarar da firji babu komai. Ya ce in wani daga gidan ya zo ya faɗa da bakinsa cewa ba wannan karen ba ne, nan take zai canza. In ba haka ba, Asabar ita ce ta ƙarshe.

Don haka Édouard ya tafi kwata ranar Alhamis da sassafe, ya ce in raka shi don kada a ce shi kaɗai ya ji abin da aka faɗa. Kwatar tana kusa da kogi. An gama yanka, ana ta fiɗa, ungulaye sun jeru a kan katanga, karnuka kuma suna zagaye daga nesa, kowanne ya san mahaucin da yake jira. Uba ƙaƙƙarfan mutum ne mai ƙaramar murya. Yana sassara ƙashin cinya lokacin da muka isa, bai daina ba.

Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da aiki da gajiya da jikin tsohuwa. Sannan Édouard ya tambaye shi ko yana da kare. Uba ya ce a'uzubillahi. Ya ce shi mahauci ne ɗan mahauci, hannun da yake yanka da sunan Allah ba zai shafa kare da shi ba, kuma wanda ya aiko Édouard ya koma ya ce masa bai samu komai ba. Édouard ya ce ba wanda ya aiko shi. Uba ya yi dariya ya ce duk waɗanda aka aiko haka suke cewa.

Édouard ya juya yana kallon karnukan. Daga baya ya faɗa mini a nan ne ya gane tambayarsa ce ba ta da kyau tun ranar farko. A ƙauyensu, karen da kake ciyarwa naka ne. A wurin su Uba, kare ba ya zama na mutum sai ya shigar da shi gida ya sa masa suna. Ba wanda ya yi masa ƙarya, shi ne ya tambayi mai kare aka nuna masa mai kare.

Ya ce, "Malam Uba, a cikin waɗannan akwai wanda yake bin ka gida?"

Gatarin ya tsaya.

"Ungulu ma suna bi na," in ji Uba. "Su ma ka rubuta nawa ne?"

"Ungulu ba su ciji Inna ba."

Uba ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya dubi mahautan da ke kusa, ya ja mu bayan wata katanga inda ake shanya fatu. A can ma bai fara da karen ba. Ya fara da tambayar me za a rubuta, wa zai karanta, kuma ina takardar za ta je. Ya ce in aka ji cewa mahaukacin kare yana kwana a ƙofar mahauci, wa zai ƙara sayen nama a teburinsa? Malaman dabbobi za su rufe shi, 'yan'uwansa mahauta su ce ya jawo musu. Édouard ya ce a wurin sunan mai kare zai rubuta ba shi da mai shi, tunda a ganin Uba gaskiyar ke nan. Amma ya ce ba zai yi masa alkawarin abin da malaman dabbobi za su yi ba, don ba a hannunsa yake ba, kuma ba zai rubuta ƙauye ba, tunda a Poumpoumré abin ya faru.

Uba ya ce to ashe bai zo da komai ba. Édouard ya ce ya zo da magana ɗaya: ranar Asabar za a daina yi wa uwarsa allura saboda lafiyar karen da bai cije ta ba.

Sai maganar ta fito, a gutsure. Wani baƙin kare ne, ya yi shekara da shekaru yana bin sa daga kwata zuwa gida, ya kwanta a waje jikin zaure. Yakan jefa masa huhu ko guntun hanji, kamar yadda kowa ke yi. Bai taɓa kiransa ba, bai taɓa sa masa suna ba. Da ya ji ihun tsohuwa ya fito da gatari a hannu, kafin ya san abin da yake yi an gama da karen. Wata maƙwabciya ta yanki gashin, shi kuma ya sa gawar a buhu ya jefa a kogin Binuwai. Édouard ya tambaye shi ko karen ya canza hali kafin nan. Uba ya ce kwanakin ƙarshe yana jefa masa nama ba ya ci, sai ya tsaya yana kallonsa yawu na zuba. Ya ce wataƙila ƙashi ne ya maƙale masa, yana faruwa. Édouard ya ce wataƙila.

Ya roƙe shi ya zo ya maimaita a gaban likita. Uba ya ce zai yi tunani, ya koma kan namansa. A hanya na tambayi Édouard me zai hana mu biyu mu faɗa wa likita abin da muka ji. Ya ce za mu faɗa in ya zama dole, amma in Uba ya musa, tsohuwa ta musa, to ko likita ya yarda ba wanda zai iya ɗaure ta a kawo ta kullum. Ɗanta ne kaɗai zai iya.

Juma'a Uba bai zo ba. Hajjo ta zo ta sha allurarta, ta ce gobe war haka ta huta da ganin fuskokinmu. Édouard ya yini bai ci komai ba, yana ta shirya katunan da ya riga ya shirya.

Asabar da hantsi suka shigo tare, uwa a gaba, ɗa a baya da tsabtatacciyar riga. Uba bai dubi teburinmu ba, ya wuce ɗakin likita. Muna jin muryar Hajjo ta bango tana cewa ya rufa mata baki, ita ta haife shi, kare ya mutu ya tafi da tsiyarsa, me kuma ake nema a cikinta. Muryarsa ba ta fito ba. Da suka fito likita ya ɗauko katin, ya soke tsohon bayanin, ya rubuta cewa an kashe karen ba a duba shi ba, ana zargi, a ci gaba da allura har ƙarshe. Ya tsaya kaɗan a wurin gari ko ƙauye. Ya dubi Édouard, Édouard ya dubi tebur. Ya rubuta gari.

Daga ranar Uba ne ke kawo ta kowace safiya a bayan keke, kafin ya tafi kwata. In ta ƙi hawa sai ya tsaya a ƙofar gida da keken har ta gaji. Wata rana ta ɓuya gidan maƙwabta, ya bi gida-gida yana sallama. Haka aka yi har aka gama.

A ƙarshen wata Édouard ya sa lambar cizon kare, da ɗan bayani a gefe. Bai sa lambar haukan kare ba, domin ba a tabbatar ba, kuma ba za a taɓa tabbatarwa ba. Amma kalmar zargi da kalmar gari sun isa. Ba a jima ba aka aiko ma'aikata suka zuba nama mai guba a Poumpoumré da kewayen kwata. Karnuka da yawa suka mutu, har da jan karen Simone, wanda aka mayar mata lafiyarsa ƙalau. Ta daina gaishe da Édouard a coci. Ba a rufe teburin Uba ba, amma labarin baƙin kare ya zaga kasuwa, ciniki ya yi masa sanyi na wani lokaci, kuma ya tabbata a ransa Édouard ne ya fitar da maganar. Ni dai ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba, kuma duk layin sun ga abin da ya faru tun ranar farko. Likita ma an kira shi wani ofis ya yini a can.

Na tambayi Édouard ko yana ganin karen mahaukaci ne da gaske. Ya ce bai sani ba. Ya ce mai yiwuwa ƙashin ne, kamar yadda Uba ya ce, kuma in haka ne to an huda cikin tsohuwa a banza, an kashe karnukan mutane a banza, an rage abin da ke firji a banza. Ya ce ya yi wannan lissafin tun kafin ya je kwata.

Hajjo ta warke. Ta yi shekaru bayan nan, tana zuwa asibitin da ciwon gwiwa da tari da jikoki. Duk wanda ya zauna kusa da ita a benci sai ya ji labarin yadda wani ɗan dutse ya sa aka mai da cikinta rariya don ya rama wa 'yar garinsu, ga ta nan kuma garau, wanda ya nuna tun farko babu abin da ke damun karen. Ta rantse hannunsa ba zai ƙara rubuta sunanta ba. Takan zauna a waje cikin rana ta jira ya fita cin abinci, sannan ta shigo in rubuta mata kati. Da Édouard ya lura, sai ya zama in ya hango ta a bakin ƙofa yakan rufe alƙalaminsa, ya ce mini yunwa ta kama shi da wuri yau, ya fita ta ƙofar baya. Haka suka yi har ya yi ritaya ya koma Guider.